Musizi, Ɗan'uwan Magarya na Cikin Kurmi: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa a bakin masu gonakin koko, ayaba da kofi a ƙasashen kurmi, da kafintoci da 'yan katako, duk lokacin da zancen wannan itace ya taso. Na tattara su wuri ɗaya don wanda ke shawarar shuka shi ya san abin da zai tarar tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Wane irin itace ne musizi, kuma daga ina sunan ya fito?

Itacen kurmi ne na Afirka, mai saurin girma, mai miƙaƙƙen jiki, wanda rassansa ke bazuwa a can sama kamar an buɗe laima. Asalinsa ya faro daga Laberiya, ya ratsa Gana, kudancin Najeriya, Kamaru da Kwango, ya kai Sudan ta Kudu, Yuganda, yammacin Kenya da arewa maso yammacin Tanzaniya, ya gangara har Angola. Musizi sunansa ne a harshen Luganda na Yuganda, kuma shi ne ya bi katakon zuwa kasuwa. A Indunusiya, inda aka kai shi aka shuka, suna ce masa kayu afrika, wato itacen Afirka.

Masana tsirrai suna kiransa Maesopsis eminii. Bajamushen masani Adolf Engler ne ya raɗa masa wannan suna a 1895, don tunawa da Emin Pasha, likitan nan Bajamushe da ya yi gwamnan lardin Ikwatoriya a kudancin Sudan, wanda ya rasu a 1892.

Da gaske ne danginsu ɗaya da magarya da kurna?

Gaskiya ne. Magarya, kurna, magaryar kura da musizi duk gida ɗaya suka fito a lissafin masana, gidan da ake kira Rhamnaceae. Wanda ya duba furensu zai ga kamar: ƙanana ne, kore-kore mai ratsin ɗorawa, ba su da wani ado. 'Ya'yansu ma tsari ɗaya ne, tsoka a waje, ƙwallo mai tauri a ciki.

Daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Magarya mai jure fari ce, gajeruwa, mai ƙaya, ta saba da rana da ƙishirwa. Musizi ba shi da ƙaya ko ɗaya, dogo ne, kuma in ruwa ya yi masa ƙaranci ba ya kai labari. Wannan dangantaka tana ruɗin mutane ta fuska biyu, kuma na amsa su daban: batun shuka shi a arewa, da batun amfani da ganyensa a madadin na magarya.

Yaya zan gane shi in na gan shi a daji?

Fara da ganye. Dogo ne mai sheƙi, tsawonsa kamar santimita 7 zuwa 15, bakinsa da 'yan haƙora jefi-jefi, tsininsa siriri. Sai jiki: toka-toka ne, in itacen ya manyanta ɓawon yakan tsattsage a tsaye. 'Ya'yan sun fi kama da atili, dogaye kaɗan, santimita 2 zuwa 3. Suna farawa kore, su koma ɗorawa, in sun nuna su yi baƙi mai ratsin shuni.

Alamar da ba ta ƙarya tana ƙarƙashin ɓawo. Ka ɗan sare shi da adda, ba da zurfi ba. Cikin ja ne wur, kuma yana da wani ƙamshi da ma'aikatan daji suka daɗe suna kwatanta shi da na dafaffiyar kaza da ta huce. Ranar da aka fara nuna mini, na kai ɓawon hancina sau biyu don in tabbatar, kuma haka ne. Wanda ya shaƙa sau ɗaya ba zai ƙara rikita shi da wani itace ba.

Zai yi a Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram?

A'a, kuma gara in faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Musizi yana son ruwan sama na milimita 1,200 zuwa 3,000 a shekara, da rani wanda bai wuce wata uku zuwa huɗu ba. Kano ba ta cika kai milimita 1,000 ba, raninta kuma yakan kai wata bakwai. Sakkwato da Maraɗi sun fi ta bushewa. Ko da an yi ta ɗura masa ruwan rijiya, iskar hunturu da zafin bazara za su ƙone ganyensa, ya tsaya a tsugune. Wuraren da ya dace da su su ne inda koko da goro suke yi: kudancin Najeriya, ɓangarorin kurmi na Taraba, yankin Asante a Gana, da kudancin Kamaru.

Mai gona a arewa da yake son wani abu daga wannan dangi yana da wanda ya fi masa riba a ƙofar gidansa. Ana yi wa magaryar gida aure da irin magaryar Indiya, kamar Gola da Umran, ta riƙa ba da 'ya'ya manya masu nama. An yi wannan aiki sosai a Nijar da Mali, kuma tushen da ake ɗora auren a kansa shi ne wannan magarya da ke tsirowa da kanta a bakin gona.

Wace irin ƙasa yake so?

Ƙasa mai zurfi, mai danshi, wadda ruwa ke wucewa ba ya kwanciya. Jigawa mai taki da ɗan haɗin laka ita ce ta fi. Fadamar da ke cika da ruwa da damina ba wurinsa ba ce, saiwar za ta ruɓe. Haka tudun da marmara ke kusa da sama: saiwar tsakiya za ta tokare, itacen ya tsumbure. Kafin ka yanke shawara, haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a tsakiyar damina ka bar shi kwana biyu. In ka dawo ka tarar da ruwa tsaye a ciki, nemi wani wurin.

Bayan ƙasa sai rana. A kurmi, musizi yana cikin itatuwan da suke fara mamaye wurin da babban itace ya faɗi ko aka sassabe. Yana ɗan jure inuwa yana jariri, amma da ya tasa sai ya nemi sarari a kansa. Kada a dasa shi ƙarƙashin manyan itatuwa a sa ran zai kutsa ya fito.

Ina zan samu iri, kuma yaya ake gyara shi?

Irin da ya fi shi ne wanda ka tsinta da hannunka a gindin uwa tagari. Zaɓi itace miƙaƙƙe, marar rauni, wanda jikinsa ya yi nisa kafin reshen farko, kuma ka tsinto daga itatuwa da yawa, ba guda ɗaya ba. Baƙaƙen 'ya'ya da suka faɗo da kansu ake ɗauka. Koraye ba su ƙosa ba.

A zuba su cikin bokiti da ruwa kwana ɗaya ko biyu tsokar ta yi laushi, a murje ta da yashi ko a kan buhu har ƙwallon ya fito fes, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Barin tsokar a jiki yana jinkirta tsiro, yana kuma jawo ruɓa. Kilo ɗaya na ƙwallon da aka wanke yana ɗauke da guda 700 zuwa 1,000, saboda haka mai ƙaramar gona ba ya buƙatar fiye da cikin kwano.

Akwai wani abu da ya kamata mai neman iri ya sani. Musizin yammacin Afirka bai kai na gabas girma ba. A Najeriya da wuya ya wuce mita 15, alhali a Yuganda yana haura mita 25, wani ma ya doshi 40. Wanda ya ga hotunan gandun Yuganda ya tsinci iri a dajin kusa da shi, kada ya sa ran ganin irin wancan tsayi. Dubi tsayin uwar da ka tsinta a gindinta, shi ne ma'auninka.

Na shuka, wata guda ya wuce ban ga tsiro ba. Irin ya mutu ne?

Ba lallai ba. Musizi ba ya fitowa rana ɗaya kamar masara. Na farko yakan leƙo bayan mako biyu zuwa shida, sauran su yi ta biyowa ɗaya-ɗaya har wata uku ko fiye. Jiƙa ƙwallon a ruwan sanyi kwana biyu zuwa uku kafin shuka, ana sauya ruwan kullum, yana rage wannan jira. Kada a zubar da ledojin da ba su tsiro ba da wuri. A ci gaba da ba su ruwa.

In kuwa irin ya daɗe a ajiye, to nan matsalar take. Ƙwallon musizi ba ya jure ajiya a ɗaki. Bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara tafiya. Ni kaina na taɓa sayen iri a hannun wani mai sayarwa da ya rantse mini sabo ne. Na cika ledoji ɗari uku, na yi wata huɗu ina ban ruwa safe da yamma, abin da ya fito bai kai talatin ba. Da na fasa sauran da dutse, cikinsu ya bushe ya yi baƙi. Tun daga ranar, kafin in biya kuɗin iri sai na fasa guda goma a gaban mai shi. Lafiyayyen ciki fari ne, cike, mai maiƙo a yatsa.

Wanne ya fi, reno a leda ko shukawa kai tsaye a gona?

Duka biyun suna yi, kowanne da sharaɗinsa. Musizi yana sakin doguwar saiwa tun yana ƙarami. In ya daɗe a leda, saiwar takan naɗe a gindi kamar gammo, ko ta huda ledar ta shige ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke. Itacen da aka dasa da naɗaɗɗiyar saiwa yakan yi kyau shekara biyu ko uku, sannan iska ta kwantar da shi. Saboda haka a yi amfani da leda mai tsawo, a dasa yana wata biyu zuwa huɗu da tsirowa, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba. A lissafa lokacin reno yadda dashen zai faɗo a farkon damina, bayan ruwa ya zauna.

Shuka kai tsaye tana kawar da wannan damuwa gaba ɗaya. A sa ƙwallo biyu ko uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, a kafa tsinke don kada mai noma ya share su, in sun fito a bar mafi ƙarfi. Illarta ita ce ɓeraye da kurege suna tone ƙwallon, ciyawa kuma tana rufe jaririn. Mai iri da yawa kuma mai zuwa gona kullum, wannan hanya ta fi masa sauƙi.

Wace tazara zan bari tsakaninsu?

Ya danganta da abin da kake nema. In gandun katako ne zalla, mita 4 ta kowace fuska tana ba da itace 625 a hekta. Daga baya a riƙa rage su, a cire karkatattu da raunana, domin kan musizi yana da faɗi kuma ba ya son matsi. In rassan maƙwabta suka fara haɗuwa, lokacin ragi ya yi. Wanda ya ji tausayin sarewa a wannan lokaci zai ƙare da dogayen sanduna marasa kauri.

In kuwa inuwa ake so a gonar koko, kofi ko ayaba, mita 10 zuwa 12 ita ce mafari, wato itace 100 ko ƙasa da haka a hekta, kuma a rage su yayin da suke girma. Duba amsa ta gaba.

Ba zai danne koko ko ayabata ba?

Abin da ya sa manoma ke son sa ke nan: inuwarsa shara-shara ce. Kansa yana can sama, ganyen bai cika duhu ba, rana tana ratsowa tana yawo a ƙasa. A Yuganda da yankin Bukoba na Tanzaniya an daɗe ana haɗa shi da ayaba da kofi, a kudancin Indiya kuma ana shuka shi a gonakin kofi. Ganyen da yake zubarwa yana rufe ƙasa ya riƙe danshi. Sai dai a sani ba dangin wake ba ne irin gawo, ba ya ƙara wa ƙasa taki ta saiwarsa, don haka bai ɗauke wa manomi zuba taki ba.

Hatsarinsa biyu ne. Yana yar da ƙananan rassansa da kansa, wani lokaci reshen ya faɗo kan koko ya karya. Na biyu kuma ranar sara: itace mai mita 20 in ya faɗi a tsakiyar gona sai ya tafi da bishiyoyin koko da dama. Mai hangen nesa yakan jera shi a kan iyaka, ko gefen hanyar cikin gona, inda za a iya kayar da shi ba ɓarna. Masara da rogo kuwa, shekara biyu ko uku na farko kawai za su yi a tsakaninsa.

Wace kulawa yake buƙata a shekarun farko?

Noma, sannan noma. Ciyawa, musamman tofa, da tsirrai masu naɗo su ne manyan abokan gabarsa a shekara biyu na farko. A share kewayen kowane dashe faɗin mita ɗaya. A tsare shi daga awaki da gada, domin suna son ganyen ƙwarai, a kuma yi masa shingen wuta kafin rani, ƙaramin musizi ba ya tashi bayan gobara. In wuri ya karɓe shi yakan ƙara mita 1 zuwa 3 a shekara. Sassabe rassa ba dole ba ne tunda yana zubar da su da kansa, sai dai in kai ya rabu biyu, a cire ɗaya tun da wuri.

Shekara nawa kafin a ci moriyarsa?

Itacen girki da sanduna suna samuwa daga ragin da ake yi, tun daga shekara 5 zuwa 10. Fure da 'ya'ya kan fara tsakanin shekara 4 da 10. Gungumen da za a tsaga a fitar da faffaɗan katako kuwa sai an yi haƙurin shekara 20 zuwa 30, gwargwadon ƙasa da ruwa. Masu saye za su fara zarya tun yana shekara 10, suna taya shi da arha. A ganina wanda bai matsu ba ya jira, domin kaurin da ke kawo kuɗi a shekarun baya yake zuwa.

Yaya katakonsa yake a hannun kafinta?

Marar nauyi ne. Busasshe yana kai kilo 400 zuwa 500 a kowace kubik mita (mita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri), wato bai kai madaci ba, ya fi kusa da malaina. Bayansa fari-fari ne, zuciyar kuma ɗorawa mai ratsin kore lokacin da aka tsaga, in ta sha iska ta koma ruwan zuma. Zarto yana shigarsa da sauƙi, yana karɓar ƙusa da gam. Ana yin akwatuna da shi, da silin, da ƙofofin ciki, da kujeru da tebura marasa nauyi, da falankin haɗi.

Inda yake ba da wahala shi ne wajen gogewa da bushewa. Zaren jikinsa a sarƙe yake, in bakin abin fira ya dakushe sai fuskar ta tashi kamar gashi. A wasa ƙarfe sosai, a bi shi a hankali. Yana bushewa da wuri amma yana iya murɗewa ko tsagewa a baki, don haka a jera shi a inuwa da 'yan sanduna tsakanin kowane layi, a ɗora nauyi a sama. Babban rauninsa gara da danshi. Kada a kafa shi a ƙasa ko a sa shi inda ruwa ke dukansa sai an jiƙa shi da maganin katako, wanda yake sha sosai.

Ganye, 'ya'ya da ɓawo fa, suna da amfani?

Ganyen abincin dabbobi ne mai kyau, shanu da awaki suna ci. Ƙwayar cikin ƙwallon tana da mai da yawa, kusan rabin nauyinta, ko da yake fasa ƙwallon aiki ne. 'Ya'yan kuwa ba na kasuwa ba ne irin magarya. Abincin tsuntsaye ne da birai da jemagu. A wasu ƙasashen kurmi ana jiƙa ɓawon a sha don wanke ciki. Ina jan kunne a nan: yana sa gudawa mai ƙarfi, ba shi da ma'aunin da aka tsayar, kuma bai dace da yara, masu ciki ko tsofaffi ba.

Tunda ɗan'uwan magarya ne, za a iya wankan gawa ko wankan magani da ganyensa?

Wannan tambaya tana zuwa daga 'yan'uwa mazauna kudu, inda magarya ke wuyar samu. Abin da Larabawa ke kira sidir shi ne kurna da magarya. Dangantakar da na yi bayani a sama lissafin masana tsirrai ne, ba ta mayar da musizi sidir ba. Busasshen ganyen magarya yana samuwa a hannun masu kayan ƙoli a kusan kowane zango da sabon gari, yana kuma daɗewa bai lalace ba. Hukuncin abin da za a yi in an rasa shi, wannan na malamai ne, a tambaye su.

Waɗanne cututtuka da ƙwari ke kama shi?

An fi sanin biyu. Akwai wani ƙwaro mai dogayen ƙahoni da tsutsarsa ke huda jikin ƙananan itatuwa ta yi rami a ciki. Alamarta garin katako a gindi, kuma iska kan karya itacen daidai wurin. Akwai kuma gyambon jiki da wani naman gwari mai suna Fusarium solani ke haddasawa, wanda aka gani a gandayen Yuganda: ɓawo ya lotsa, ya yi baƙi, ya riƙa tsattsafo ruwa. Duka biyun sun fi samun itacen da ke cikin wahala, wanda aka dasa a ƙasa marar kyau ko aka bari a matse. A sare wanda ya kamu sosai a fitar da shi daga gona. Sauran maganin yana cikin amsoshin da na bayar a sama kan irin ƙasar shuka da tazara.

An ce ya zama annoba a Tanzaniya. Me ya faru?

A tsaunukan Usambara ta Gabas ne, kusa da Tanga, inda musizi ba ɗan gida ba ne. Jamusawa suka kai shi tashar bincikensu ta Amani a farkon ƙarni na 20, daga baya kuma, a shekarun 1960 da 1970, aka shuka shi da yawa don cike wuraren da aka sare katako. Manyan tsuntsaye dangin cilakowa suka samu abinci: su haɗiye 'ya'yan, su tashi, su yar da ƙwallon can cikin kurmi. Duk inda aka buɗe sarari, musizi ya riga itatuwan asali fitowa. Wannan kurmi kuwa yana da tsirrai da halittun da babu su a ko'ina a duniya, shi ya sa abin ya dami masana.

A kudancin Najeriya, Gana da Kamaru ɗan ƙasa ne, yana da wurinsa a dajin tun asali, don haka wannan tsoro bai taso ba in irin gida aka shuka. Inda nake ba da shawarar a dakata shi ne kai shi wurin da babu shi a da, musamman kusa da keɓaɓɓen kurmi na kan dutse ko gandun da hukuma ta tsare. A irin wannan wuri a fara zama da ma'aikatan gandun daji.

In na shuka a gonata, ina da ikon sarewa in sayar?

Kada a bar wannan sai ranar sara. A Gana, itacen katako da ya tsiro da kansa yana ƙarƙashin ikon hukuma ko da a gonarka yake, wanda ka shuka da hannunka kuwa naka ne, amma sai ka iya nuna shaida; shi ya sa ake son manomi ya yi wa itatuwansa rajista a ofishin gandun daji na gundumarsa. Musizi yana tsirowa da kansa a gonaki saboda tsuntsaye, don haka rarrabe shukakke da ɗan tsiro yana da muhimmanci. A Najeriya harkar daji ta jihohi ce, kuma galibi ana neman takardar izini kafin sara da ɗaukar gungume.

Wanda yake noma a gonar haya ko ta aro, kamar yadda da yawa daga cikin mutanenmu suke yi a kudu, ya zauna da mai ƙasa tun kafin ya haƙa rami ɗaya. A wurare da dama dasa itace ana ɗaukarsa alamar neman mallakar ƙasa. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: itace nawa, na wane ne, yaya za a raba kuɗin, kuma wa zai gada in ɗayanku ya riga mu gidan gaskiya kafin su isa sara. A ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa ko sarkin zango, tare da ranar dashe da hoton gonar.